Tsohon Kan Sarki da Haƙƙin Mai Shi

Idan mutum ya sayi kan sarki ya ajiye, shekaru suka ja, kuɗin aika wasiƙa ya ninka, me ke hannunsa: alkawarin kai wasiƙa ɗaya, ko adadin kuɗin da aka buga a jikin takardar? A gidajen waya adadin ake dubawa, sai mai wasiƙa ya cika gibin da wani kan sarkin. Ina ganin hakan daidai ne, kuma hujjarsa na cikin littattafan da malaman Wurno da Rabah ke karantarwa a zaure. Mashhurin zance a mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Mukhtasar na Shehu Halilu, shi ne ana biyan bashi da kwatankwacin abin da aka karɓa, ko darajar kuɗi ta hau ko ta faɗi. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ma a kan haka ta tsaya a zamanta na Kuwait a 1988. Kan sarki ba rance ba ne kai tsaye, amma tushen ɗaya ne: abin da aka ambata lokacin ƙulla ciniki shi ke ɗaure mutane.

Za a ce ai an cuci mai saye, tunda ya ba da naira mai ƙarfi, aka mayar masa da mai rauni. Maganar tana da nauyi, kuma ba yau aka fara ta ba. Abu Yusuf, almajirin Abu Hanifa, ya ce a koma ga ƙima idan darajar ƙananan kuɗi ta sauya, Ar-Rahuni cikin Malikawa ya yarda da haka idan faɗuwar ta yi muni. Sai dai wa zai auna munin? Da zarar an buɗe wannan ƙofa, duk mai bin manomin albasa bashi a Goronyo zai zo da nasa lissafin ƙari, kuma ta nan riba ke shigowa da rigar adalci. Gyaran yana wurin ƙulla sharaɗi tun farko. Amurka ta fitar da kan sarkin Forever a 2007 kan santi 41, ba a buga farashi a jikinsa ba, aiki aka sayar. A Yulin 2024 farashin ya kai santi 73, amma na 2007 bai daina kai wasiƙa ba. Haka mai ranta buhun shinkafa, buhu zai karɓa komai tsadar kasuwa.

Abin da ba ni da uzuri gare shi shi ne a soke takardar ɗungurungum bayan an karɓi kuɗin mutane. Ingila ta daina karɓar wasu tsofaffin kan sarkinta bayan 31 ga Yuli 2023, amma ta ba da damar musanya su kyauta. Mu kuwa mun ga wahalar da canjin naira ya jefa ƙauyukan da ba su da banki a farkon shekarar, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Maris cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki.