Yaron da Inna Ta Goya

A wani ƙauye tsakanin Malumfashi da Kafur an yi wata tsohuwa da kowa ke kira Inna. Tun tana amarya aka san ta da kaɗi. Idan maigidanta ya ɗaure audugar da za a kai gidan gurza na Malumfashi, sai ta ware tata, ta gurje, ta zauna da mazari har fitila ta mutu. Da kuɗin zaren nan take sayen gishiri, manja da zannuwan yara.

A 1973, shekarar da naira ta maye gurbin fam, fari ya cinye arewa, mutane suka yi ta gangarowa ƙasar Funtua neman hatsi. Cikinsu akwai wata mata daga wajen Damagaram, da jariri a baya. Ta yada zango a zauren gidan su Inna, ciwo ya kayar da ita, ba ta tashi ba. Abin da ta iya faɗa kawai sunan uban yaron.

Inna na da goyo a lokacin. Maigida ya ce, "Rumbun nan ba zai kai mu kaka ba."

Ta ce, "Malam, wanda ya tsaga bakin ai ya san da shi."

Ta ɗauki jaririn ta ba shi nono. Da gwamnati ta buɗe firamare kyauta a 1976, Inna ta ƙudurta babu ɗan da zai zauna mata a gida. Da lokacinsa ya yi ta sayar da tunkiyarta ta ɗinka masa kayan makaranta, ta kuma sa aka rubuta shi da sunan mahaifinsa, don ba ta yarda a raba ɗa da asalinsa. Amma a wajen rabon tuwo, da ɗinkin Sallah, har da bulala, nata da shi duk ɗaya. Wata maƙwabciya ta taɓa ce masa "ɗan tsintuwa". Rannan aka ga fushin Inna, kuma ba a ƙara ba.

Ta yi tsawon rai har ta goya tattaɓa kunne. Jikoki suka tashi suna kiransa Kawu, shi ke kai ta asibiti Funtua, shi ke yanke mata farce.

Bayan rasuwarta, malami ya zauna ƙidayar magada. Kawu ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah gafarta Malam, a cire ni. Nono ne tsakaninmu, ba ni da gado." Jikoki suka yi ta kallon juna, don da yawansu ran nan suka fara ji.

Babban ɗanta ya ce, "Malam, akwai wasiyya, kuma ba ta kai sulusi ba. Gayaunarta ta bakin rafi ta bar wa ƙanena, ni ne shaida."