Baƙo a Filin Tamaula

In ka shiga filin tamaula ran da a ke babban wasa, za ka ga masu ɗaukar hoto sun jeru a bayan raga, kowa ya auna kyamararsa wajen 'yan wasa. Amma akwai wani mutumin Ingila, ana ce da shi Stuart Roy Clarke, wanda tun wajen 1990 ya kan juya wa wasan baya, ya fuskanci 'yan kallo. Ya yi shekaru yana yawo filaye manya da ƙanana, yana ɗaukar hoton tsoho da jikansa, da fuskokin mutane sa'ad da ƙwallo ta faɗa raga. Malamai ma ba su raina wannan taro ba, gama a 1987 an buɗe wani sashe a Jami'ar Leicester musamman don binciken tamaula da halin magoya bayanta.

Da mai hoton da malaman, abin da su ke nema ɗaya ne. Mutum dubu arba'in sun taru, babu ko ɗayansu da ya taɓa ƙwallo, amma in an tashi sai ka ji kowa na cewa, “Yau mun ci.” To, su wane ne wannan “mu”? Da, amsar ba ta da wuya, don wanda ke cikin fili ɗan unguwa ne, an san ubansa, an san masana'antar da ya ke aiki. Daga 1931 har 1978 hukumar tamaula ta Ingila ta sa sharaɗi, baƙo ba ya wasa don kuɗi sai ya zauna ƙasar shekara 2. Yanzu kuwa al'amari ya sake. Wani ɗan wasa na Beljiyam, Jean-Marc Bosman, ya kai ƙara don kulob ɗinsa ya hana shi komawa wani kulob a Faransa. A watan Disamba na 1995 babbar kotun Turai ta ba shi gaskiya, ta kuma soke ƙayyade yawan 'yan ƙasashen Tarayyar Turai a kowane kulob. Shekara 4 bayan wannan, ran 26 ga Disamba 1999, Chelsea ta fito da mutum 11 ta kara da Southampton, babu ɗan Birtaniya ko ɗaya a cikinsu. Ɗaya daga cikinsu ma, Celestine Babayaro, haifaffen Kaduna ne. Suka ci 2 da 1, mutanen Landan suka koma gida suna cewa, “Mun ci.”

Mai karatu, kada ka yi saurin zargin tsohon da ya ɓata rai ran nan. Ba dukan mai gunaguni ne mugu ba. Wani abin da ke damunsa shi ne, yaron unguwa da ya tashi yana buga ƙwallon tsumma a lungu ba shi da sauran hanyar shiga kulob ɗin garinsu, tun da mai kuɗi ya gwammace ya sayo gwani daga nesa da ya tsaya renon na gida. Wannan kuka ne mai dalili. Sai dai kukan nan da ƙin baƙo su kan fito ta baki ɗaya, rarrabe su kuwa sai an natsu.

Ga labarin da ya fi taimakona wajen rarrabewa. Bert Trautmann Bajamushe ne, an haife shi a Bremen a 1923, ya yi wa Hitler soja a Yaƙin Duniya na Biyu. Ingilishi suka kama shi, suka tsare shi a sansanin fursunonin yaƙi. Da aka sake shi bai koma gida ba, ya zauna yana aiki, yana tsaron raga a wani ƙaramin kulob. A 1949 Manchester City ta ɗauke shi. Gari ya ɗauki zafi, dubban mutane suka fito suna cewa ba su yarda ba. Ba za ka ga laifinsu ƙwarai ba, don shekara 4 kaɗai ke nan da ƙare yaƙi, jiragen Jamus sun yi wa garin ruwan bama-bamai, ga kuma Yahudawa da yawa mazauna Mancesta waɗanda aka hallaka danginsu.

Ana cikin haka sai wani malamin Yahudawa na garin, Alexander Altmann, ya rubuta wasiƙa a jarida. Shi kansa gudowa ya yi daga Jamus, iyayensa kuwa sun mutu a hannun mutanen Hitler. Abin da ya nuna a wasiƙar shi ne, ba daidai ba ne a ɗora wa mutum ɗaya laifin al'umma duka, a duba halin kowa shi kaɗai. Ƙura ta fara lafawa. Trautmann ya yi ta tare ƙwallo, mutane suka yi ta sake ra'ayi. A 1956, a wasan ƙarshe na kofin ƙalubale na Ingila, ya yi karo da wani ɗan Birmingham saura minti 17 a tashi. Ya miƙe yana dafe da wuya, ya ƙarasa wasan, suka ci 3 da 1. Sai bayan kwana 3 likita ya gano ashe ƙashin wuyansa ne ya karye. Kafin ya bar wasa a 1964 ya yi wa kulob ɗin wasa 545, 'ya'yan waɗanda suka yi masa ihu suna ta rububin gaishe shi.

Mutane su kan ba da wannan labari don su nuna tamaula tana sasanta maƙiya. Ni kuwa abin da na gani a ciki, marhabin iri biyu ce. Taron jama'a sun karɓe shi bayan ya amfane su. Malamin nan ya karɓe shi tun bai tsinana wa kowa kome ba, alhali kuwa shi ya fi kowa hujjar ƙinsa. A ce Trautmann ya zama ragon gola, ƙwallo tana wuce shi ta ko'ina, da jama'a sun ce, “Da ma mun faɗa, Bajamushe ne.” Amma maganar malamin ba za ta motsa ba, don tun farko ba a kan gwanintarsa ya kafa ta ba.

Ba na cewa marhabin ta farko banza ce. Mohamed Salah, Bamisire Musulmi, ya je Liverpool a 2017, yana cin ƙwallo yana sujada a gaban dubban Turawa. Waɗansu malamai suka bincika, suka buga sakamakonsu a 2021, suka ce laifuffukan ƙiyayya sun ragu da wajen kashi 16 cikin 100 a yankin garin, zagin Musulmi da magoya bayan kulob ɗin ke rubutawa a intanet kuma ya ragu da kusan rabi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mai kanti Musulmi da ya kwana lafiya a garin ba ruwansa da dalilin da ya sa maƙwabcinsa ya daina harararsa. Sau da yawa ma so ya kan fara da amfani, sa'an nan sabo ya mai da shi na gaske.

Amma fa ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Mesut Özil a Jamus aka haife shi, asalin gidansu Turkiyya. Yana cikin waɗanda suka ciwo wa Jamus kofin duniya a 2014. A 2018 aka ɗauke shi hoto tare da shugaban Turkiyya, surutu ya tashi, sa'an nan aka fitar da Jamus tun zagayen farko. Ya ajiye wasa wa ƙasar, yana kukan cewa in an ci shi Bajamushe ne, in an sha kashi sai ya koma baƙo. Ko mutum ya ga kuskurensa a zancen hoton, ai hoton ba shi ya canja garin da aka binne cibiyarsa ba. Haka kuma a Yuli 2021 samari 3 baƙaƙen fata na Ingila, Rashford da Sancho da Saka, suka zubar da bugun fanareti a wasan ƙarshe na kofin Turai. Kafin gari ya waye an cika intanet da zaginsu, har ana ce musu su koma inda suka fito. Duka ukun kuwa a Ingila aka haife su. To, ina za su koma?

Mutanen Bilbao, can arewacin Sifen, sun bi wata hanya dabam. Fiye da shekara 100 kulob ɗinsu Athletic ba ya sa kowa sai wanda aka haifa ko aka rena a ƙasar Basko. Da jin haka sai ka ce sun rufe ƙofa. Amma ga Iñaki Williams, wanda iyayensa mutanen Gana ne, suka ƙetare Sahara da wahala, aka haife shi a Bilbao a 1994. Da shi da ƙanensa Nico duk sun zama gwanayen kulob ɗin. A kofin duniya na 2022 wan ya yi wa Gana wasa, ƙanen ya yi wa Sifen, mutanen Bilbao kuwa suna ce da kowannensu nasu. Watau su ba jini su ke tambaya ba, zama su ke tambaya. Wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu. Duba sunayen unguwannin birnin Kano, Zangon Barebari da Tudun Nufawa da Ayagi, ka tambayi jikokin waɗanda suka kafa su ko su Kanawa ne. An ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba, amma ita ma kabar wata rana iri ce da iska ko tsuntsu ya kawo.

Mu ma da mu ke cika gidajen kallon ƙwallo daga Kano har Damagaram, muna cewa “mun ci” in Arsenal ko Chelsea ta ci, baƙi ne a wannan “mu”. Ba wanda ya tambaye mu takardar haihuwa, mun shiga ne da so kawai, kuma za mu ji zafi in ɗan Landan ya ce ba mu da rabo a ciki.

A unguwar Withington ta Mancesta, inda Rashford ya fara tasowa, akwai babban hotonsa da aka zana a jikin bango. A daren wasan nan wani ya je ya ɓata shi da rubutun zagi. Da safe aka rufe wurin da baƙar leda. Sai mutanen unguwa suka yi ta zuwa, tsofaffi da yara, farare da baƙaƙe, kowa da 'yar takardarsa ta gaisuwa yana liƙawa, har ledar ta ɓace ƙarƙashin takardu. Masu ɗaukar hoto suka zo suka ɗauka, ran nan kuwa yaron bai ci musu kome ba.