Yawan Ambato da Amfanin Ilimi: Darasi daga Binciken Ciwon Ƙoda

A jami'o'i da asibitocin koyarwa na wannan zamani, idan aka tashi auna matsayin likita mai bincike, abin da ake fara dubawa shi ne yawan maƙalolin da ya wallafa a mujallun kimiyya, sannan yawan ambaton da suka samu, wato sau nawa wasu masana suka kafa hujja da su a cikin nasu rubuce-rubucen. Wannan ƙidaya ta samo tushe daga aikin Eugene Garfield, wanda ya fara fitar da kundin ambaton maƙalolin kimiyya a Amurka a 1964, daga baya kuma a 2005 wani masanin fiziya mai suna Jorge Hirsch ya dunƙule ta a lamba guda da ake kira ma'aunin h, ta yadda mai lamba 40 shi ne wanda yake da maƙaloli 40 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 40. Da wannan lamba ake ba da farfesanci, da ita ake raba kuɗin bincike, kuma a wurare da yawa da ita ake sanin wanda zai yi magana a taro da wanda zai saurara. Tambayar da ta cancanci nazari ita ce ko yawan ambato shaida ne a kan gaskiyar ilimi da amfaninsa, ko kuwa wani abu dabam yake aunawa.

Fannin ciwon ƙoda ya ba da misali mai ƙarfi a kan haka, ta hanyar aikin Andrew Levey, likitan ƙoda a asibitin jami'ar Tufts da ke Bostan, wanda yana cikin likitocin da aka fi ambato a wannan fanni. Babban aikin ƙoda shi ne tace jini, kuma ana sanin lafiyarta ne ta yawan jinin da take tacewa a cikin minti ɗaya, sai dai auna hakan kai tsaye yana da wuya da tsada. Saboda haka likitoci suke auna wani sinadari da tsokar jiki ke zubarwa cikin jini, wanda ake kira kiriyatinin, domin yakan taru idan ƙoda ta yi rauni. A 1999 Levey da abokan aikinsa suka fitar da wata ƙa'idar lissafi, daga bayanan majinyata 1,628, wadda ke haɗa kiriyatinin da shekaru da jinsi ta ƙiyasta ƙarfin tacewar, a 2009 kuma suka fitar da wata da ta fi ta daidaito. Alherin wannan aiki ba ya ɓoyuwa, domin ɗakunan gwaji a duniya suka riƙa buga sakamakon a takardar majinyaci, aka riƙa gano cutar tun ba ta kai ga wankin ƙoda ba, bayan an amince a 2002 cewa tacewar da ta kasa mililita 60 a minti har tsawon wata uku alama ce ta ciwon ƙoda mai daɗewa. An ambaci waɗannan maƙaloli biyu sau dubun dubata.

Amma a cikin ƙa'idojin biyu akwai wani sharaɗi da aka daɗe ana wucewa ta kansa ba tare da tuhuma ba. Idan majinyaci baƙar fata ne, sai a ƙara wa sakamakonsa kusan kashi 18 cikin ɗari a ƙa'idar 1999, ko kusan kashi 16 a ta 2009, saboda an ga baƙaƙen Amurka da ke cikin binciken suna da kiriyatinin fiye da sauran, aka kuma riƙa danganta hakan da yawan tsoka. Ma'anar haka ita ce mutum biyu masu sakamakon jini iri ɗaya, sai takarda ta nuna ƙodar baƙin ta fi lafiya. A Amurka ba a fara ƙirga wa majinyaci lokacin jiran dashen ƙoda sai tacewarsa ta sauko zuwa 20, don haka wannan ƙari ya jinkirta wa mutane da yawa shiga layi, a ƙasar da baƙaƙe suka fi farare faɗawa cikin gazawar ƙoda. Sai a 2021 manyan ƙungiyoyin ƙoda biyu na ƙasar suka ba da shawarar a cire launin fata, aka fitar da sabuwar ƙa'ida wadda shi kansa Levey yana cikin marubutanta, abin da ya cancanci a yaba masa a kai, sannan a 2023 hukumar raba gaɓoɓin dashe ta umarci asibitoci su mayar wa baƙaƙen majinyata lokacin da suka yi asara. Binciken da aka yi a Malawi da Uganda da Afirka ta Kudu, wanda ya fito a 2022, ya nuna cewa ƙa'idojin kiriyatinin suna nuna ƙodar 'yan Afirka ta fi yadda take ƙarfi, wato suna ɓoye cutar a inda magani ya fi wuyar samu.

A duk shekaru ashirin da biyun nan, daga 1999 zuwa 2021, lambar ambato ba ta daina hawa ba, domin wanda ya yi amfani da ƙa'idar ya ambace ta, wanda ya soke ta ma ya ambace ta, kuma na'urar ƙidaya ba ta bambanta yabo da suka. Abin da lambar ta tabbatar shi ne cewa masana sun buƙaci aikin a matsayin kayan aiki, ba ta tabbatar da cewa kowane sashe nasa daidai ne ba. Malaman hadisi sun daɗe da warware irin wannan matsala, domin su ma iliminsu a kan jingina magana ga mai ita aka gina shi, ta hanyar isnadi, wato jerin mutanen da suka karɓo labari ɗaya daga ɗaya. Duk da haka ba su taɓa ɗaukar shaharar magana a bakin mutane a matsayin hujjar ingancinta ba, har Imam Sakhawi, wanda ya rasu a 902 bayan Hijira, ya rubuta littafin Al-Maƙasidul Hasana domin tantance hadisan da suka shahara a harsuna, ya nuna cewa da yawansu raunana ne ko ba su da asali. A wurinsu ana duba amanar kowane mai ruwaya da ƙarfin haddarsa, ana kuma duba matanin ko yana da ɓoyayyar illa, kuma irin wannan binciken na illa ne ƙidayar ambato ba ta iya yi.

Akwai kuma ilimin da amfaninsa ke ƙaruwa alhali ambatonsa yana raguwa. A 1960, a birnin Siyatil, Belding Scribner tare da injiniya Wayne Quinton suka ƙera wani ɗan bututu da ake dasawa a hannun majinyaci domin a riƙa haɗa shi da na'urar wankin ƙoda a kai a kai, na'urar da Willem Kolff ya fara ƙerawa a ƙasar Holan a 1943. Kafin nan wankin ƙoda na 'yan kwanaki ne, domin jijiyoyi sukan lalace, amma majinyacin farko da aka sa wa bututun, Clyde Shields, ya ƙara shekara 11 a duniya. A yau miliyoyin mutane ne ke rayuwa da wankin ƙoda, kuma ba kowace maƙala a kansa ce ke ambaton Scribner ba, saboda abin da ya gano ya zama sanin kowa, yanayin da masanin zamantakewa Robert Merton ya bayyana da cewa ilimi yakan narke cikin fanni har a manta da mai shi. A koyarwar Musulunci, ilimin da ladarsa ke gudana bayan mutuwar mai shi shi ne wanda ake amfana da shi, ba a kuma sharɗanta cewa sai mai amfanar ya san sunan wanda ya kawo shi ba.

Babbar illar ma'aunin ambato tana ga abin da yake yi wa niyya, domin mutum yakan karkata zuwa ga abin da ake auna shi da shi. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111 Miladiyya, ya lissafa likitanci cikin farillan kifaya, wato wajiban da idan wasu suka yi sun sauke wa al'umma, idan kowa ya bari kowa ya yi laifi, ya kuma koka da yadda ɗalibai ke cunkoso a fannonin da ke kawo muƙami suna barin garuruwa babu likita Musulmi. Irin wannan karkata tana nan a cikin binciken ƙoda na yau. A Gashuwa da garuruwan da ke bakin kogin Haɗeja da Yobe, ciwon ƙoda ya daɗe yana cin rayukan jama'a, har da matasa manoma da masunta. Likitan da ya ba da shekarunsa yana gwada ruwa da jini da fitsari a wannan yanki zai samu ambato kaɗan, saboda masu rubutu a kan matsalar ba su da yawa, alhali wanda ya sa sunansa cikin marubuta ɗari na wani babban rahoton duniya zai tara dubbai cikin 'yan shekaru. Idan aka bi lamba, na biyun ya fi, amma na farkon ne ya ɗauke wa al'umma farillar da ke kanta.

Wannan ba ya nufin ƙidayar ambato ba ta da wani amfani, domin tana taimakawa wajen gano ayyukan da suka motsa fanni, kuma ta fi dogaro da sanayya ko son ran shugaban sashe. Amma su kansu masana sun ga iyakarta, shi ya sa aka tsara sanarwar San Faransisko a 2012, wadda ta nemi a daina auna mai bincike da sunan mujallar da ya wallafa a cikinta, a koma ga abin da ya rubuta. Ya wajaba kwamitocin ƙarin girma a jami'o'in Najeriya da Nijar su karanta maƙalolin likitan ƙoda da ke gabansu, su tambayi a kan waɗanne majinyata aka yi binciken da kuma abin da ya canza a ɗakin jinya, kafin su dubi lambarsa.