Gauraka da Jan Baki a Fadamar Haɗeja: Wa Ya Fi Haƙƙin Rayuwa?

Gauraka da jan baki duka tsuntsayen fadamar Haɗeja ne, amma makomarsu ta sha bamban. Gauraka, mai dogon wuya da tukku ruwan zinariya, ta kusa ƙarewa a Najeriya, kuma ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta cikin halittun da ke fuskantar barazana. Jan baki kuwa ana ɗaukarsa tsuntsun dawa mafi yawa a duniya. Garkensa kan sauka gonar shinkafa da sassafe, kafin hantsi ya bar manomi da kara.

Dukkan sauyin biyu akwai hannun ɗan Adam a ciki. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun canza tafiyar kogin Haɗeja: ambaliyar damina ta ragu, ruwa kuma ya daina ƙafewa da rani a wasu magudanai. Gauraka ta rasa dausayin da take sheƙa, ga masu kama ta suna kai ta gidajen masu hali don ado. Ciyawar kacala kuwa ta samu yadda take so, ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama makwancin jan baki.

A nan tambayar addini take. Suratul An'am ta bayyana tsuntsaye a matsayin al'ummomi irin na mutane, ba ta ware mai kyau daga mai ɓarna ba. Ke nan darajar gauraka ba daga ƙarancinta ta samo asali ba, kuma yawan jan baki bai zubar da tasa ba. Sai dai fiƙihu ya yarda a kawar da cuta, don haka manomin Guri ko Kirikasamma da ke kare abincin iyalinsa bai yi laifi ba. Sharaɗin shi ne a tsaya iya gwargwadon larura, kuma kada a gusar da cuta da wata irinta. Feshin guba daga jirgin sama don kashe jan baki yana da wuyar cika wannan sharaɗi, domin ba ya tantance tsuntsu, kuma shaho ko mujiyar da ta ci gawar ma tana iya mutuwa.

Lamarin gauraka ya fi nauyi, saboda babu larurar da za a kafa hujja da ita: ado ba yunwa ba ne. An sa dausayin Baturiya da ke fadamar Haɗeja cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi a 2008, amma ruwan da ke raya shi daga madatsun Kano ake sakinsa.