Tsakanin Al'ajabi da Almara

Bahaushe yana da kalmomi da dama na abin da ke da wuyar gaskatawa, kuma sau da yawa mukan cakuɗa su, alhali kowace da mazauninta. Ƙarya ita ce wadda mai faɗinta ya san ba haka abin yake ba. Shaci-faɗi kuwa shi kansa mai maganar bai tabbatar ba. Almara ƙagaggen labari ne, amma da mai bayarwa da mai saurare duk sun san haka. Shi ko al'ajabi gaskiya ce da ta zarce saninmu. Mamaki kuma a zuciyar mai ji yake zaune, saboda haka ba ya zama hujja a kan labari.

Mu ɗauki misali. Kafin layin dogo ya iso Nguru a 1930, da wani ya ce ƙarfe zai kwashi gyaɗa zuwa Kano ba jaki ba raƙumi, da an ce almara yake yi. Haka nan tsuntsayen da ke sauka a Dagona, kusa da Gashuwa, daga Turai suke tasowa su ƙetare Sahara duk shekara. Wanda bai sani ba zai ƙaryata, amma ƙaryatawarsa ba ta rage wa tsuntsu fiffike ko ɗaya ba.

To, ina haɗarin cakuɗa kalmomin? Bayan gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yanayin ambaliyar da ke ciyar da fadamun Haɗeja da Nguru ya sauya, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa. Idan masunci ya ce inda mahaifinsa ke jefa koma yau kwalekwale ba ya ratsawa, ko mutumin Gashuwa ya ba mu labarin yadda ciwon ƙoda ke ɗauke jama'a, mu da ke nesa mukan kaɗa kai mu ce, "Kamar almara!" Da wannan kalma mun sauke wa kanmu nauyi, domin almara saurare kawai take buƙata, al'ajabi kuwa bincike yake nema.

An ce gani ya kori ji. Sai dai kafin mu gani, adalci shi ne mu tambayi kanmu: labarin ne ya yi girma, ko saninmu ne ya yi kaɗan?