Tarihin Masu Masauki: Me Ke Wuyan Baƙo?

Jama'ar unguwa, ga wata tambaya da ya kamata mu yi wa kanmu. Mutumin da kakansa ya zo Potiskum da fatauci ko almajiranci, aka yanka masa fili ya yi gida, ya hayayyafa har jikoki, shin akwai wani haƙƙi a wuyansa game da tarihin mutanen da ya tarar? Ko kuwa nasa kawai ya nemi halalinsa, ya zauna lafiya da kowa?

Garin nan ba a daji muka tsince shi ba. Ƙasa ce ta Ngizimawa da Karekare da Bolawa, ga Ngamo can wajen Gadaka. A 1924 aka taso da hedikwatar masarautar Fika zuwa nan, shi ya sa fadar Moi Fika take cikin Potiskum alhali garin Fika yana can kudu. Ga kuma fadar Mai Potiskum. Wato gari ɗaya, fada biyu, kowace da nata tarihin da take riƙe da shi. Muna ƙarƙashin jihar Borno har 1991, lokacin da aka ƙirƙiro Yobe. To, yaran unguwar nan nawa ne za su iya kawo wannan ɗan taƙaitaccen bayanin? Da yawansu sun san 'yan ƙwallon Ingila ɗaya bayan ɗaya, amma ka ce musu Daniski, tsohon mazaunin Bolawa a kan dutse, sai su yi tsuru-tsuru.

Wani zai ce, "Malam, ina ruwanmu? Kowa ya riƙe nasa." Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Ba mu tilasta wa kowa ya bar yarensa ba, kuma shiga sharo ba shanu a zancen sarauta ba alheri ba ne ga baƙo.

Amma fa a duba wani abu. Yau a kasuwar shanu, a tasha, a wajen wa'azi, da wane harshe ake magana? Da Hausa. Akwai gidajen Ngizimawa da na Karekare da kaka za ta yi wa jika magana da yare, shi kuma ya mayar mata da Hausa. Ko sunan garin ma bakinmu ya lanƙwasa shi, Pataskum ya koma Fataskum. Ba da mugun nufi aka yi ba, kasuwa da cuɗanya ne suka kawo haka. Sai dai duk lokacin da yare ya raunana, waƙoƙin daka da kirarin kakanni da sunayen gonaki da rijiyoyi suna bin sa. Mu ne muka ci ribar wannan sauyi, don ɗanmu yana shiga ko'ina ba ya neman tafinta. Wanda ya ci riba a inda maƙwabcinsa ya yi asara, ko da ba shi ya jawo ba, bai kamata ya naɗe hannu ba. Wannan yana cikin haƙƙin maƙwabtaka.

Abin kunya ne a ce na nesa ya fi mu damuwa. Wani masanin harsuna daga Amurka, Russell Schuh, ya wallafa ƙamus na Ngizim a 1981. Daga baya shi da Alhaji Maina Gimba da wasu 'yan ƙasa suka haɗa ƙamusoshin Bolanci da Karekare da Ngamo da Ngizim da Bade, aka buga su a nan Potiskum a 2004, da fassarar Turanci da Hausa. Masana kuma sun tabbatar waɗannan harsuna dangin Hausa ne, tushensu ɗaya. Ashe ma 'yan uwa muka tarar.

To me ake so mu yi? Na farko, mu san tarihin garin daga bakin masu shi, mu saurari kowane ɓangare ba tare da mun zama alƙalai ba. Na biyu, mu daina yi wa yaren mutane dariya, mu hana yaranmu kiran maƙwabci da sunan raini. Gaisuwa ɗaya da Bolanci ko Karekare ba ta rage wa Bahaushe komai. Na uku, mu rubuta namu tarihin da gaskiya: daga ina kakanninmu suka taso, Kano ko Haɗeja ko Katagum, wace sana'a ta kawo su, kuma wa ya sauke su. Wannan na ƙarshen shi aka fi mantawa, alhali shi ne ma'aunin ɗan halak. Duk mai waya yana iya zama gaban dattijon gidansu ya naɗi muryarsa yau, tun kafin ƙasa ta rufe masa ido.

An ce baƙo raɓa ne. Mu kam mun wuce nan, tunda a ƙasar nan muka binne iyayenmu. Wanda kuwa kabarin mahaifinsa yake gari, ba shi da bakin cewa tarihin garin ba ruwansa.