Rijiyar Waƙafi da Rijiyar Cikin Gidan Maƙwabci

Tun da waya ta shiga hannun kowa, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakinmu, wato "ai ilimi ba a sayar da shi." Da ita ake kafa hujja idan an turo littafi sukutum a zauren WhatsApp na makaranta ko na dangi, da ita kuma ake rufe bakin duk wadda ta tambaya ko mai littafin ya yarda. To 'yar uwa, zo mu ɗan zauna mu auna wannan magana, domin haƙƙin mutane ne a ciki, ga kuma karatun 'ya'yanmu.

Mu da muka tashi a cikin ganuwar Kano ba za a koya mana ilimin kyauta ba. Unguwa irin Madabo ta yi ɗaruruwan shekaru malamai suna karantar da fiƙihu a zaure, babu rajista, babu kuɗin zango. Mutum ya ɗauko Ahalari ko Ishmawi ko Risala, ya sami gefen tabarma ya jira a zo kansa. Kafin zuwan injin buga littafi kuwa, ɗalibi yakan ari na malaminsa ya kwafa da alƙalami da tawada, wani kuma ya kwafa daga nasa. Ta wannan hanya ce littafin da Shehu Magili ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) a kan sha'anin mulki ya daɗe a hannun mutane. A Sakkwato ma, Nana Asma'u (1793 zuwa 1864) ta tsara karatu cikin waƙe da Fulatanci da Hausa, ta naɗa jajoji, tana ba kowace malfa da jan rawani, su kai wa matan ƙauyuka har gida.

Amma fa kada mu manta, malamin zaure ba iska yake ci ba. Akwai kuɗin Laraba a makarantar allo, akwai sadakar sauka, akwai attajirin unguwa da ke aiko da buhun gero. Mai kwafar littafi ana biyan sa ladan hannunsa, masu littattafai a Kasuwar Kurmi kuma sana'arsu ke nan kaka da kakanni. Malaman Malikiyya sun halatta karɓar lada a kan koyar da Alƙur'ani ma. Kin ga ke nan, duk karatun da ya zo wa ɗalibi kyauta, akwai wanda ya ɗauki nauyinsa da yardarsa. Wannan yardar ita ce gishirin maganar.

A zamaninmu abin ya sake fitowa ta wata kafa. A 2001 jami'ar MIT ta Amurka ta ba da sanarwar za ta zuba kayan darussanta a intanet, kowa ya ɗauka ba ko kwabo. Yanzu darussan sun haura 2,000, daga lissafi da kimiyya har tattalin arziki da tarihi, sai dai ba a ba da takardar shaida. A 2002 hukumar UNESCO ta yi taro a Faris inda aka raɗa wa irin waɗannan kaya suna, abin da za mu iya cewa buɗaɗɗun kayan karatu. A ƙarshen shekarar kuma ƙungiyar Creative Commons ta fito da wani irin lasisi da marubuci zai manna wa aikinsa, ya ce: na yarda a kwafa, a raba, amma a ambaci sunana. Wani ya ƙara da cewa kada a yi kasuwanci da shi, wani kuma ya ce kada a canza masa komai.

Ni da na fahimci tsarin, ba abin da ya zo mini a rai sai waƙafi. Mutum ya haƙa rijiya da kuɗinsa a bakin hanya, ya ce kowa ya sha, ya kuma gindaya sharaɗinsa, sharaɗin mai waƙafi kuwa abin kiyayewa ne. Wadda ta ɗebi ruwan nan ba ta ci haƙƙin kowa ba. Amma rijiyar da ke cikin gidan maƙwabcinki, ko da ruwan iri ɗaya ne, ko da ƙishirwa ta dame ki, sai kin yi sallama.

Rijiyoyin bakin hanyar kuwa suna da yawa, mu ne dai ba mu san su ba. Jami'ar karatu daga gida ta ƙasa, wato NOUN, wadda aka farfaɗo da ita a 2002, ta sa littattafan darussanta a shafinta, ko ba ɗalibarta ba ce ke kina iya saukewa. A 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya tare da UNICEF suka buɗe Nigeria Learning Passport, mai ɗauke da darussan firamare da sakandare kyauta, har da wasu da Hausa. Akwai African Storybook, taskar ƙananan labarai masu hotuna na koya wa yara karatu cikin harsunan Afirka, Hausa na ciki. Ga Khan Academy, wadda asalinta wani mutum ne, Salman Khan, ya fara koya wa wata ƙaramar 'yar uwarsa lissafi daga nesa a 2004. Uwar da ɗanta ke kokawa da lissafin sakandare alhali ba ta da kuɗin malamin lesin, wallahi tana da inda za ta nufa.

To, sai mu dawo kan littafin nan da aka ɗauki hoton shafukansa aka watsa. Ki tuna da wadda ta rubuta shi. Sau da yawa mace ce irinki, a nan Kano, ta raba dare tana rubutu bayan yara sun yi barci, ta ci bashi ko ta ɗauki adashi ta kai maɗaba'a. Kafin ta sayar da abin da zai mayar mata da uwar kuɗi, littafin ya gama zaga wayoyi. Na biyun ba za ta buga ba. Wa ya yi asara? Har da mu masu karatu. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa haƙƙi ne da shari'a ta kare, bai halatta a keta shi ba. Akwai malaman da suka saɓa, suna ganin wanda ya sayi littafi ya mallake shi, ya yi yadda ya so da shi. Ni dai ra'ayin majalisar ya fi kwanta mini, saboda abin da ido ke gani na cutarwa.

Na san za ki ce da ni: Malama, talaka fa? Yaron da aka ce ya zo da littafin da kuɗinsa ya kai cefanen kwana uku, ya zauna ke nan? Tambaya ce mai nauyi, ba kuma zan ce miki tana da sauƙin amsa ba. Gargaɗin da ya zo a hadisi kan mai ɓoye ilimi yana nan daram, kuma marubuci ko kamfanin da ya tsauwala farashi har ya gagari mutane, shi ma yana da tambayar da zai amsa. Amma ki duba da kyau, aro halas ne, tun zamanin kakanni ake yin sa. Haɗa kuɗi ku uku ku sayi ɗaya halas ne. Zuwa Laburaren Murtala Muhammad a zauna a karanta halas ne. Neman izinin marubuciya ma ba abin kunya ba ne, da yawa in an roƙa don makaranta sukan yarda. Kuma uwar da larura ta sa ta ɗaukar wa ɗanta shafi biyar na jarrabawar gobe, ba za a haɗa ta da wadda ta tura littafi duka ga mutum 200 don a ce mata an gode ba. Ta biyun nan kyauta ta yi da kayan da ba nata ba.

Sai dai rijiyar waƙafin ita ma tana da nata nauyin a kanmu. Mafi yawan abin da ke cikinta da Turanci yake, ga tsadar data, ga rashin wutar caji, wata ma wayar a aljihun maigida take kwana. Buɗaɗɗen littafin da mace ba ta iya karantawa, a wurinta daidai yake da rufaffe. A nan ne mu da Allah ya sa muka je kwaleji magana ta hau kanmu. Yawancin lasisin nan sun yarda a fassara, a taƙaita, a sauya misalai su dace da wurin mutum. Me zai hana malamar Islamiyya ta ɗauko babi guda a kan tsaftar ruwan sha, ko abincin mai juna biyu, ko yadda ake rubuta shiga da fitar kuɗin sana'a, ta mayar da shi Hausa, ta karantar a ajin matan aure na bayan la'asar? Aikin jajojin Nana Asma'u ke nan, kuma su da ƙafa suke zuwa.

A kula kuma, kyauta ba ita ce inganci ba. Wikipedia ta Hausa tana da amfani, amma kowa na iya rubutu a cikinta, don haka sai an tantance. Abin da ya shafi hukuncin addini ko magani, a kai wa malami ko likita ya duba kafin a karantar da wasu.

Idan littafi ya shigo wayarki, kafin ki danna turawa, leƙa shafin farko ko na ƙarshe. In kin ga haruffa biyu, CC, a cikin da'ira, mai shi ya ba da izini, sai ki karanta sharaɗin da ke gefensu ki kiyaye. In kuwa C ɗaya ce tak a cikin da'irar, ko ba ki ga komai ba, to ki ɗauka da mai shi, ki nemi lambar maɗaba'ar da ke bangon ki tambaya.